Gyaran da Nomau Ya Jira

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami a kan wannan takarda, shi da ya san abin da ƙirji ya ɓoye tun baki bai furta ba. Ladan, Hajo, da ku sauran 'ya'yana da jikokina, a baya na ba ku labarin inda muka fito da gonakin da muka noma. A nan labarin shekara ɗaya tak zan ba ku. Ni ba malami ba ne. Na sauke Alƙur'ani, na taɓa ɗan abin da ya sawwaƙa na farilla, sai aikin gida ya ja ni. Abin da Allah ya ba ni shi ne kyan hannu a rubutu, kuma kyan hannun nan ne ya kai ni ya baro.

Kwanan baya ina zaune a zaure, na ji ƙaramar 'yar Hajo suna gardama da ƙawarta a kan wata kaza. Sai jikar tawa ta murguɗa baki ta ce:

"Ke tahi can, labarin Nomau!"

Duk unguwar Ƙofar Atiku haka ake cewa idan mutum ya shirga ƙarya. Ku ma kun tashi kuna faɗi. Yarinyar nan ba ta san wane ne Nomau ba, ba ta san mutum ne mai jakuna uku da 'ya'ya biyu ba. Ni na san shi. Ni ne kuma na sa sunansa a bakinta.

Bari in fara da takardar labarai ta gidanmu, don ku da kuka tarar da ita kuna ganin kamar tare aka halicce ta da durumin ƙofar gida. Kakana Malam Dikko ne ya fara ta, tun ana ginin ganuwar birni. Mata da tsofaffi suna kawo masa wasiƙu ya karanta musu, waɗanda ba su sami wasiƙa ba kuma suna tsare shi da tambaya, ko ya ji labarin wane da ya tafi fatauci. Da tambaya ta yi yawa sai ya riƙa zagaya masaukin fatake da bakin kasuwa daga Asabar zuwa Laraba yana sauraro, ran Alhamis ya rubuta abin da ya tara da ajami a kan falle ɗaya, ran Juma'a bayan la'asar ya tsaya a gindin durumi ya karanta. Maza a gaba, mata a bayan danga. Inda ruwa ya sauka, inda fari ya ci gero, jakin da ya ɓata, haihuwa da rasuwa, matafiyan da aka gani da rai a kan hanya, sai a ƙasan falle labarin rijiyoyi da mashigai. Abin da ya shafi fada ba ya taɓawa, yakan ce wannan yana da masu shi. Manoma da jin takardar suke shuka, mahauta da masu fataucin shanu da jinta suke ɗaure kaya. Na ga tsohuwar da ta shekara biyu ba ta ji ɗuriyar ɗanta ba ta faɗi a bayan danga don an karanto sunansa cikin masu rai.

Ƙa'idodin kakana ba su da yawa. Kowane labari sai an rubuta sunan wanda ya gani da idonsa a gefensa, kuma sai ya gani a cikin kwanakin da labarin bai tsufa ba. Wanda ya kawo labari ana ba shi goro ɗaya daga hannun mai gida, ba lada ba ne, shaida ce cewa ya zo ya faɗa. Idan ba a sami wanda ya gani ba, sai a bar gurbin fari fat, mai karatu ya ce, "Ba mu ji ba." Idan kuma an yi kuskure, to mako mai zuwa da jar tawada ake rubuta gyara a can saman falle, shi ake fara karantawa kafin komai, kuma wanda ya yi kuskuren shi zai karanta da bakinsa. Na taɓa ganin mahaifina, Malam Sambo, da furfurarsa, ya tsaya gaban jama'a yana karanta gyara don ya ce akuya baƙa alhali ja ce. Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba.

A shekarar da nake ba ku labari, yanar ido ta rufe wa Baba gani, alƙalami ya dawo hannuna. Ina da ƙuruciya, ban daɗe da auren mahaifiyarku Kulu ba, ina ji da kaina. Duk Alhamis nakan zauna gabansa in karanta masa abin da na rubuta, shi kuma a kan kowane layi ya yi tambaya biyu: wa ya gani, kuma yaushe. Da yake ni ne ɗan fari ba ya kama sunana, Magaji yake ce mini, har unguwa ta ɗauka. Bazarar shekarar ta yi tsawo ƙwarai. Ayari ya yi ƙaranci, masaukai suka zama kufai, falle ya riƙa fitowa rabi rubutu rabi fari. Ni kuwa ba abin da na ƙi jini kamar farin gurbi. Ina ganinsa kamar giɓi a bakin saurayi.

Akwai wani mahauci, Arzika, ɗan Baba Tunau, tsarana ne, tare muka yi allo. Mutum ne mai barkwanci, ba ya wuce ka bai tsokane ka ba. Wata Juma'a na faɗi "ba mu ji ba" har sau biyar, sai ya ɗaga murya daga baya:

"Magaji, in kurma kaka nema, akwai guda bakin kasuwa. Ɗauke shi aiki, ka huta."

Jama'a suka fashe da dariya. Wani ya ce zamanin Malam Sambo takarda cike take fitowa. Ba gaskiya ba ne, amma ta shige ni. Na koma gida ban ci tuwo ba.

Alhamis ta zagayo, gurbin rijiyoyin hanyar arewa ba kome. Hanya biyu ce ake bi zuwa inda mahauta ke sayo shanu. Doguwa tana bin fadama, ruwa ba ya yankewa, amma tana cin kwanaki. Gajera tana ratsa daji, kuma ranka duka yana rataye ne a kan rijiya ɗaya a tsakiya, Rijiyar Kalgo. Na buɗe gafakar da muke ajiye tsofaffin fallaye, na ga na mako huɗu baya: "Rijiyar Kalgo da ruwa, in ji Nomau mai kanwa, da idonsa." Nomau talaka ne mai dakon kanwa da jakuna, ba shi da yawan magana, labarinsa bai taɓa tashi ba. Na ce a raina, rijiyar da kakanni suka sha, mako huɗu me zai yi mata? Na kwafe layin nan yadda yake, da hannuna mai kyau, na cike gurbin. Na san Nomau yana kwance a gida da kurkunu a ƙafa tun dawowarsa. Na san ba zai zo ya ji ba.

Da na karanta wa Baba, ya ce:

"Wa yag gani?"

Na ce, "Nomau mai kanwa."

Ya buɗe baki zai yi tambaya ta biyu, tari ya sarƙe shi. Na miƙa masa ruwa, kafin ya ajiye ƙwarya na wuce layi na gaba. Kada wani ya ce muku mantuwa ce. Da gangan na yi sauri.

Ran Juma'a na karanta falle cike, ba "ba mu ji ba" ko ɗaya. Ana watsewa Arzika ya tare ni a bakin zaure, yana ɗaure da warkinsa, yana murmushi.

"Yau kam kunnenka ya buɗe. Wanga labari na Kalgo, sabo na?"

"Ka ji shi cikin takarda."

"To ai shi ke nan. Da fadama za mu bi, amma tunda gidan Malam Dikko sunka ce da ruwa, mi za ni wahal da jakkai? In na komo, tsokar cinya taka ta. Kulu ta yi maka romo, ko ka yi ƙiba."

Kalma ɗaya ta isa a lokacin. In ce masa labarin ya kwana biyu, ya ƙara salkar ruwa. Abin da ya hana ni shi ne dariyar makon jiya. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Su uku suka fita ran Asabar, shi da ƙanensa Modi da wani Jabbi, da ruwan kwana biyu. Bayan kwana tara Azbinawa suka shigo da Jabbi a kan raƙumi, leɓɓansa sun tsattsage, ba ya iya tsayuwa. Rijiyar Kalgo ta rufta, yashi ya cike ta har baki. Sun tona da hannu da wuƙaƙen fawa yini guda. Modi ya fara cikawa. Arzika ya ba Jabbi ragowar ruwan, ya ce Jabbi ya fi shi ƙarfin tafiya; shi ma a nan ya cika.

Washegari da hantsi mahauta suka yi ɗango zuwa gidan Nomau, aka aiko in zo da takarda. Na tarar an fito da shi ƙofar gida a kan tabarma, ƙafarsa a kumbure, an naɗe kan kurkunun a jikin ɗan tsinke. 'Yarsa Ige tana leƙe ta bayan zana. Baba Tunau bai ɗaga murya ba. Tsoho ne da ya rasa 'ya'ya biyu a rana ɗaya, muryar ma babu. Ya ce:

"Nomau, kai kac ce Kalgo da ruwa?"

"Na hwaɗi, Baba. Amma tun watan jiya. Yau kwana arba'in ban taka ƙasa ba, ga ƙahwata ku duba."

Wani daga baya ya ce, "Kun ji da bakinai. Yana kwance ɗaka yana ganin rijiya. Don goro guda!"

Baba Tunau ya juyo gare ni. "Magaji, gidanku ba a ƙarya. Mi anka yi?"

Na dubi ƙasa na ce, "Abin da anka hwaɗa mini shi na rubuta."

Ku duba maganar nan da kyau, 'ya'yana. Babu harafin ƙarya a cikinta, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta ba. Nomau ya ɗago kai ya dube ni, ba da fushi ba, kamar mai son ya taimake ni in tuna.

"Malam Magaji, duba gahwaka dai. Takarda ba ta mantuwa."

Na ce zan duba. Na koma gida na zare fallen mako huɗu baya, na haɗa da wanda na kwafe layin a cikinsa, na ninke su ƙanana, na kai wa baduku ya ɗinke mini a fata. Layar nan da kuke gani a damtsena tun kuna yara, wadda na ce muku ta ciwon kai ce, ita ce.

Ba a doki Nomau ba, ba a kai shi gaban alƙali ba. Da an yi hakan da ya fi masa sauƙi. Daina ba shi dako aka yi. In ya yi sallama a majalisa sai a amsa a taƙaice. Aka daina kiransa shaidar aure ko ta gona. Yara suka riƙa bin jakunansa suna tambayarsa ko da ruwa. Ɗansa namiji ya gaji, ya bi wani ayari gabas, ba a sake jin labarinsa ba, ko a takardarmu.

Baba bai ce mini kome ba sai da Alhamis ta dawo. Na zauna zan fara karatu, ya ɗaga hannu. Kulu tana bakin ƙofa ta kawo masa kunu.

"Magaji, idona ya tahi, hannuna bai tahi ba. Na san hannun duk wanda na ba goro wancan mako. Hannun Nomau kaushi gare shi, kanwa ta cinye shi. Bai zaka ba."

Na ajiye fallen. Ya ci gaba:

"Jar tawada tana nan. Ka san wanda za shi karanta gyara."

Na ce, "Baba, in na hwaɗi, mahauta ba su barin mu unguwar ga. Takarda ta mutu ke nan. Aikin Kaka, aikinka."

Ya ce, "Wagga Juma'a zukata da zahi. Bari ta sama."

Wannan ita ce kaɗai rangwamen da na taɓa ji daga bakinsa, kuma na san don ni ya yi, ba don takarda ba. Juma'a ta sama ta zo, na ce a bari a yi sadakar arba'in. Arba'in ta wuce, ruwa ya sauka, kowa ya tafi gona. Duk Alhamis yakan tambaye ni, "Da mi za ka hwara gobe?" in ce da labarin ruwa. Sai ya juya fuska bango. Ya daina yi mini tambayoyinsa biyu, ya daina raba goro da hannunsa. Kafin a yanke gero ya rasu. Ban ce ni na kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma bai sake kirana Magaji ba. "Kai" kawai yake cewa.

Mahaifiyarku ta ji duk abin da aka faɗa a ranar. Sau ɗaya ta yi mini magana, bayan an share makoki.

"Malam, ɗiyan da za mu haihwa, da sunan wa za su ci tuwo? Naka ko na Nomau?"

Na daka mata tsawa, na ce ba a sa bakin mata a aikin takarda. Ba ta sake ba. Amma tun daga ranar, duk Alhamis idan ta shimfiɗa mini buzu ta ajiye baƙar tawada, sai ta ajiye 'yar tukunyar ja a gefenta, ta zuba mata ruwa don kada ta bushe. Haka ta yi har ta koma ga Allah. Hajo, kin sha tambayarta dalili, takan ce miki al'ada ce. Na yi amfani da jar tawadar nan sau da yawa, na gyara sunan jariri, na gyara launin saniya, mutane suna yaba mini gaskiya. Kulu takan ɗauke tukunyar ba ta dube ni ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Nomau bai daina zuwa ba. Da ƙafarsa ta warke, duk Juma'a yakan zo ya tsuguna can nesa, jikin katanga, inda ba wanda zai matsa don shi. Ina buɗe falle sai ya miƙa wuya. Idan na fara da labarin ruwa ko na hanya, sai ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Idan na ce "gyara" sai ya tsaya cik, har ya ji na akuya ne ko na suna, sannan ya tafi. Mutane suna cewa rashin kunya ke kawo shi. Ni kaɗai na san abin da yake jira. Shekara goma sha ɗaya yana wannan zuwa. Mun sha haɗuwa a hanya, ya rusuna ya ce, "Malam, an wuni lahiya?" Bai taɓa ƙara kome a kai ba. Da ya rasu ni na karanta rasuwarsa, da baƙar tawada, tsakanin ɓatan jaki da labarin mashigi.

Takarda kuwa ta ci gaba, ta ƙara suna. Ana zuwa daga ƙauyuka a ji ta, wasu suna kwafa su kai garuruwansu. Na yi aikin da gaskiya bayan wannan, ban sake cike gurbi ba, Ladan shaida ne yadda nake tsare shi da tambaya biyun nan har yana jin haushina. Na riƙa gaya wa kaina cewa alherin da takarda ke yi ya fi nauyin mutum ɗaya. Da wannan na yi ta lallashin kaina har gemuna ya yi fari.

Ranar da na ji maganar jikata, na ɗauki sanda na tafi gidan Nomau. Ige tana nan, ta tsufa, tana sayar da daddawa a ƙofar gida. Na tsuguna, abin da ban taɓa yi wa mace ba in ba Inna ba, na gaya mata duka. Ba ta daina ƙulla daddawarta ba har na gama.

"Mun sani, Malam. Baba ya sani tun ranar."

"Don mi bai kai ni ƙara ba?"

"Wa za shi yarda da mai kanwa bisa jikan Malam Dikko? Kuma shi bai so ba. Yac ce muna takardar gidanku ba ta ƙarya, jinkiri dai taka yi. Ranar da za shi cika Juma'a ta. Yac ce in tahi bayan danga in jiyo mai ko an hwara da ja."

"Kin tahi?"

"Na tahi. Da labarin hwara kunka hwara, ta ci gero gabas. Na komo na ishe an ruhe mai ido."

Na ce ta yafe mini. Ta ƙulle ganyen da ke hannunta ta ajiye.

"Masu haƙƙi suna ƙasa, Malam, su ukku. Ni ɗiya ta kawai. Amma Juma'a ina nan tahe. Na saba."

Ladan, na san abin da za ka ce, don ni na riga ka faɗinsa shekara arba'in da suka wuce: mutane za su watse, jikokin Baba Tunau za su daina gaishe mu, takarda za ta mutu a hannunka. Mai yiwuwa ne. Ban da abin da zan ba ka a madadinta, kuma ina neman gafararka don na bar maka wannan kaya. Amma ka aika gidan mahauta a ce su zo su zauna a gaba. A shimfiɗa wa Ige tabarma a cikin zaure, inda za ta ji ba sai ta bayan danga ba. Hajo, tukunyar mahaifiyarki tana kan bango, ta bushe, ki jiƙa ta tun Laraba. Ku yanke layar nan, ku nuna fallayen biyu ga duk mai iya karatu. Muryata ta yi rauni, amma ƙa'ida ce, ni zan karanta, Ladan ya riƙe ni in tsaya. In kuwa Allah ya karɓi abinsa kafin Juma'a, to kada a ce a bari ta sama. Ka karanta kafin a karanta rasuwata. Ga abin da za a sa a saman falle:

Gyara. Labarin Rijiyar Kalgo da aka karanta a shekarar da Arzika da Modi 'ya'yan Tunau suka rasu a daji, tsohon labari ne na mako huɗu. Nomau mai kanwa ya faɗi gaskiya a lokacin da ya faɗa, bai sake faɗi ba, bai karɓi goro ba. Mai rubutu ne ya kwafo don ya cike gurbi, aka tambaye shi ya ɓoye. Wanda ya gani: Abdu ɗan Sambo, da ake kira Magaji, da idonsa. Yaushe: tun ranar.